Shekarar da Bangon Gabas Ya Faɗi

Na ji abin da ake gaya muku a kaina, kuma na san bakin da ya fito. An ce ni Idirisu na rushe masallacin ubana da hannuna, na sa uwata kuka, duk don in nuna wa unguwarmu Moshi Zongo cewa na yi karatu. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai abin, tun ƙwaƙwalwata ba ta fara yi mini gardama ba. Rushewa dai ruwan sama ne ya rushe, ni ko fartanya ban ɗauka ba. Kukan Inna kuwa gaskiya ne, ta yi shi, ta kuma ɗauke mini magana kusan rabin damina, muna gida ɗaya, muna cin tuwon tukunya ɗaya. A duk rayuwata ban taɓa shiga tsoro irin na wannan lokacin ba, don na ga albarkar uwata tana shirin kuɓuce mini, ni kuwa na kasa sakin abin da na sani.

Kakanku Malam Haruna ya zo Tamale daga ƙasar Mosi yana saurayi, yana kora wa wani falke shanu. Shanun suka wuce kudu, shi ya tsaya, saboda ya ga makarantar da ta yi masa, ya kuma ga Inna Adisa, 'yar Salaga da ta zo wurin gwaggonta. Har ya rasu bai yarda ya faɗi wanne ya fara gani ba. Da ya yi karatu ya yi iyali, shi da abokansa suka gina ɗan masallaci na ƙasa jikin gidanmu. Ranar da za a ja layin gini ya fito da asuba, ya tsaya har rana ta leƙo, ya ja layi da sandarsa ya ce nan ne gabas. A nan ya yi limanci har tsufa ya zaunar da shi. Da ya koma ga Allah jama'a suka tura ni gaba, ina tela, ina da keken ɗinki a wata 'yar rumfa bayan masallacin. Inna tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, kuma duk zangon nan an san kokonta da daɗi, bakinta da kaifi. Uwarku Memuna tana aikin nas a asibiti, ita kaɗai ce a gidan take iya mayar wa Inna magana ta kwana lafiya.

Limanci ya hau kaina karatuna bai kai ba, don haka kullum da safe sai in hau keke in tafi unguwar Tishigu wurin Afa Yahuza, wani tsohon malamin Dagomba mai ɗan siririn gemu da dariya kamar ta yaro. Afa shi ne malam a bakin mutanen nan. Fiƙihu na je nema, amma shi ba ya iya tafiya a kan hanya ɗaya. Kuna cikin babin lokutan sallah sai ya ajiye littafi ya kai ku Dimashƙa, inda a dā kowane babban masallaci yake da malami mai kula da lokaci, yana auna tsayin rana da wani faifan tagulla. Kuna rabon gado sai ya ce wannan wahalar ce ta sa malaman Bagadaza suka tsara lissafin da yanzu ake koya wa yara da harufa a makarantar boko. Ya ba mu labarin wanda ya hau dutse ya auna girman duniya, da wanda ya zauna a ɗaki mai duhu har ya gane cewa haske ne yake shiga ido, ba ido ne yake jefa haske ba. Hausarsa irin ta garin nan ce, ba ruwansa da mace da namiji.

"Idirisu, kar ka ce wannan ba addini ba ne," in ji shi. "An ce ka yi sallah a kan lokaci, an ce ka fuskanci Ka'aba. Kai kana Tamale, Ka'aba yana can. Ta yaya za ka san inda yake in ba ka san sama da ƙasa ba? Sallah ne ya kore su suka je suka koyo."

Wata rana a ƙarshen watan Mayu, da hantsi, muna tsakiyar karatu sai ya dubi agogonsa ya ce kowa ya fito tsakar gida. Ya ce sau biyu a shekara, yanzu da kuma tsakiyar Yuli, rana takan tsaya daidai kan Ka'aba lokacin azahar ɗin Makka, wanda a wurinmu hantsi ne, bayan ƙarfe tara kaɗan. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokacin, a ko'ina yake, Ka'aba ya fuskanta. Malaman falaki na dā suka gano haka suka bar mana, ba sai da na'ura ba, zare da dutse sun isa. Abin ya shiga raina ƙwarai. Da Yuli ta zo na ɗaure dutse a bakin zaren ɗinki, na rataya a jikin sanda gefen masallacinmu, na jira. Inuwar zaren ta ƙi bin bangon. Kafin in fuskanci ranar sai da na karkata hagu sosai, karkatar da ko makaho zai ji ta a jikinsa. Na taka keke har Tishigu ina haki. Afa Yahuza ya sha dariya, ya ce in kwantar da hankalina, sallarmu ta yi, kar in tayar wa mutane hankali a banza. In dai wata rana an tashi sabon gini, sai in daidaita.

Shekara ta zagayo, ruwan farko ya zo da iska mai tumɓuke bishiya, bangon gabas ya kwanta gaba ɗaya har da wurin tsayuwar liman. Ba wanda ya ji ciwo sai tabarmi. Jama'a suka taru suka ce wannan karon da bulo da siminti za a yi, kowa ya kawo abin da ya samu, aka jibge siminti a zaurenmu. Birkila ya zo zai ja igiya a kan tsohon tushe, na ce ya dakata. Na yi bayanin rana da zare iyakar iyawata. Shugaban masu gardama shi ne Baba Salifu mahauci, aminin ubana, wanda ya kwaɓa ƙasar masallacin nan da ƙafarsa.

"Yaro, gabas gabas ne," ya ce. "Tun kana tsumma muke sallah a nan. In ba Makka muke kallo ba, ina muke kallo?"

"Yendi, Baba," na ce, ina nufin garin nan da ke gabas da mu.

Kun san bakina. Na faɗa ne don a yi dariya, matasa kuwa suka yi, amma dattawa ba su yi ba. A lokacin gari cike yake da rigimar addini, kowa ya kawo sabon abu sai a ce ya shiga wata ƙungiya. Kafin in taka daga masallaci zuwa ƙofar gida maganar ta riga ni isa. Na tarar da Inna ta sauke kaskon ƙosai da sauran ƙullu a ƙwarya, abin da ban taɓa gani ba.

"Idirisu, ubanka ya tsaya a wurin nan har goshinsa ya yi baƙi," ta ce. "A cinyarsa ka koyi alif. Yau kai ne za ka tsaya gaban mutane ka ce Yendi yake yi wa sallah? In ka juya masallacin nan, ni ka juya wa baya. Kar ka sake kirana Inna."

Daga ranar ta rufe bakinta a kaina. Ba ta daina magana ba, Inna ba za ta iya wannan ba, sai dai ta mayar da uwarku waya. Ina zaune a gabanta, gwiwata kusan tana taɓa tata, sai ta ce, Memuna, ki gaya wa mijinki akuya ta shiga zaure. Memuna ta juyo da fuskar aiki ta ce, Malam, an ce akuya ta shiga zaure. In na gaishe ta da safe sai ta amsa wa bango. Kokona kuma ya daina ganin sukari. Yanzu muna ba da labarin muna dariya, amma a lokacin in na tsaya gaban sahu karatu ma kuɓuce mini yake yi. Na roƙi jama'a su ba ni zuwa ƙarshen Mayu, su zo su gani da idonsu, in ban nuna musu komai ba a bi tsohon tushe.

Ranar ta zo, zango ya cika maƙil, har da waɗanda ba su san hanyar masallaci ba. Uwarku ta yi musanyar aiki da wata abokiyarta, ta daidaita agogon da take maƙalawa a ƙirjin rigarta da lokacin rediyo. Na kafa sanda, na rataya zarena, na tsaya ina hura hanci. Sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe ranar ruf. Afa Yahuza ya ce gobe ma za a iya, bambancin kaɗan ne. Gobe ta zo da ruwa, jibi ta zo da wanda ya fi shi. Baba Salifu ya tsaya ƙarƙashin laimarsa yana kallona da tausayi na ƙarya.

"Liman, shaidarka ya ƙi zuwa kotu," ya ce. "Rana ma bai yarda da kai ba koraa, ko kaɗan."

Aka yi ta ƙyaƙyatawa, ni ma na yi yaƙe. Na ce saura tsakiyar Yuli. Nan fa aka ga taurin kaina, don jiran yana da tsada. Muna sallah a ƙarƙashin kwanon da aka jingina da itace, ruwa yana feso mana ta gefe. Simintin zaure ya fara shan danshi, buhunan ƙasa suna ƙanƙarewa. Sahu ya ragu, wasu suka koma masallacin bayan kasuwa, kuma in na wuce a keke yara suna kirana Limamin Yendi. Dare ya yi mini tsawo, rana ta yi mini zafi, a gida kuma uwata tana hira da kowa har kaji, ban da ni.

A cikin wannan halin nake damun uwarku da labaran Afa Yahuza, don in ƙarfafa kaina. In ta dawo daga aiki ta cire takalmi, sai in fara: ko ta san malamanmu sun gina asibitoci a Bagadaza da Alƙahira, da ɗakin masu zazzaɓi dabam, na masu ciwon ido dabam? Ko ta san wani daga cikinsu ne ya fara bambanta ƙyanda da agana a rubuce? Wani kuma a Andalus ya zana kayan tiyata iri-iri, yana ɗinke rauni da zaren hanjin dabba? Ta ce wannan zaren har yau suna ɗinki da irinsa, amma ni in tsaya a kan yadi. Ranar nan dai ta gaji da ni, ta ajiye cokali.

"Malam, waɗannan likitocin naka da kake ta yabo, suna ba da magani ne kafin su tambayi mara lafiya inda ke masa ciwo?"

"A'a. Afa ya ce tambaya suke fara yi."

"To kai ka tambayi Inna?"

Ashe da safen nan, tana auna wa Inna jini, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta yi mata tambaya biyu da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, Memuna, duk sallar da marigayi Malam ya yi shekara da shekaru, iska ta kwashe ke nan? Can kuma inda yake kwance, fuskarsa ina take kallo? Don maƙabartar zango da layin masallacinmu ake haƙa kabari. Ni ina ta fama da rana da inuwa, ina zaton girman ubana take karewa, ita kuwa tsoro ne yake hana ta barci, tana ganin mijinta ya isa lahira hannu wofi. Na ji kunya, na ji tausayinta har hawaye ya zo mini. Na kuma san ko na je da amsa ba za ta karɓa daga bakina ba, don haka na sake taka keke zuwa Tishigu.

Washegari Afa Yahuza ya zo da kansa, da goro a aljihu. Ya zauna kan bencin masu shan koko kamar kowa, ni ina rakuɓe a bakin zaure.

"Mma Adisa, dasiba," ya gaishe ta da gaisuwar safe ta Dagomba.

"Naa," ta amsa, ba ta ɗago ba.

"In tambaye ka. Masallacin nan, wane lokaci aka gina shi?"

"Da rani mana. Wa ke ginin ƙasa da damina? Ni na ɗebo ruwan kwaɓin, da cikin yayan wancan." Ta nuna ni da ludayi.

"Yauwa. Rana ba wuri ɗaya yake fitowa ba, Mma. Da rani yana fitowa ta dama, da farkon damina ya koma hagu. Da Malam Haruna ya ja layinsa a farkon damina, da ya faɗa kan Ka'aba daidai. Amma ginin ƙasa bai yarda da ruwa ba. Ya duba, ya yi iyakar saninsa, ya tsaya. Na nesa, wajen Ka'aba aka ce ya fuskanta, kuma wajen ya fuskanta. Sallarsa ya cika, kwanciyarsa ya yi daidai. Malaman da suka auna sama, cikinsu akwai masu fiƙihu, sun san wahalar awon, shi ya sa ba su ɗora ma kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba."

Inna ta ci gaba da juya koko. Can ta ce, "To in ta yi, me ya sa za a juya?"

"Don yanzu mun sani, kuma bango ya faɗi. Da bai faɗi ba, ni zan riƙe hannun ɗanka."

Ta zuba masa koko, ta sa sukari cokali cike ina kallo. Ta ce za ta gani. Ta kuma ce, Memuna, ki gaya wa mijinki ya tashi daga bakin zaure, yana tare wa mutane hanya. Daren nan uwarku ta ce ta ji minsharinta, abin da aka daɗe ba a ji ba.

Tsakiyar Yuli ta zo, gari ya waye da yayyafi. Jama'a suka sake taruwa, yawancinsu dariya suka zo ƙarasawa. Birkila ya ce yau ko da rana ko babu zai ja igiyarsa, ya gaji. Na rataya zarena. Don a rage jira Afa Yahuza ya shiga yi wa mutane bayani. Ya ce a daidai wannan lokacin, can a Makka, in mutum ya tsaya kusa da Ka'aba ba zai ga inuwarsa ba, za ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, don rana tana tsakar kansa. Sai muka ji an saki laima ta faɗi. Baba Salifu ne, wanda ya yi hajji 'yan shekaru kafin nan a tsakiyar zafi, ya kutsa ya kama hannun rigar Afa.

"Afa, sake faɗi. Inuwa yana ɓacewa? Na kowa da kowa?"

"Na kowa."

"La'ilaha illallahu! Ni na gani! Na fito ɗawafi da azahar, na duba ƙasa, inuwa babu. Na ɗaga ƙafa, na juya, babu. Na ce Salifu, ka mutu ba ka sani ba. Na kira abokin tafiyana na ba shi wasiyya a kan 'ya'yana. Tun da na dawo ban gaya ma kowa ba, ko matana. Kullum da safe sai na duba ko yana nan!"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Mutane suna riƙe ciki, birkila ya zauna a kan bulo yana share ido, Baba Salifu da kansa yana dariya yana hamdala, yana cewa ashe ba ajali ba ne. Wani ya ce shi ya sa yake yawan sadaka da hanta tun da ya dawo. Muna cikin wannan uwarku ta ɗaga agogonta ta ce lokaci ya kusa. Na ɗaga kai. Gajimaren ya yi laushi, ya yage ta gefe ɗaya, haske ya zubo kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, inuwar zaren ta kwanta siririya, a fili, kowa yana gani. Baba Salifu ne ya fizge turaku daga hannun birkila ya kafa na farko, yana yi wa matasa tsawa su matsa kar su taka.

Afa Yahuza ya ce kowa ya rufe ido ya fuskanci ranar. Zango guda ya juya wuri ɗaya. Ina tsaye idona a rufe sai na ji ƙamshin man ƙosai a gefena. Inna ce, ta bar kaskonta a wuta, ta ja mayafi. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma ta san shekarunta sun wuce tafiyar.

"Idirisu," ta ce.

Sunana a bakinta, kai tsaye, ba ta hannun kowa ba. 

"Na'am, Inna."

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna. In kika miƙe ta nan ba ki kauce ba, a ƙofar Ka'aba za ki tsaya."

Ta rufe ido, rana tana kan fuskarta, hawaye yana bin kumatunta, leɓenta yana motsi. Na ji sunan ubana a cikin addu'ar. Ta daɗe a haka, har ƙosai ya ƙone, warin ya cika wurin, ba wanda ya motsa. Da ta buɗe ido sai ta goge fuska da bakin mayafi, ta dawo Innar da na sani.

"Ka juya masallacinka, Allah ya yi maka albarka. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da na mutu, yadda ubanka yake kwance haka za ka kwantar da ni. Inda yake kallo nan zan kalla. Afa ya ce ya yi daidai, to ya ishe ni."

"Na ji, Inna. Na ɗauka."

"Kuma ka fita harkar Yendi, ƙanwata a can take aure."

Aka yi gini. Sabon layin ya ci kusurwar fili, ya bi ta kan rumfar ɗinkina, dole na rushe ta na koma da kekena zaure, inda na ƙarasa aikina ina gardama da akuyoyi. In akwai abin da na rushe da hannuna, wannan ne. Buhunan simintin da suka ƙanƙare muka yi matakala da su. Dattawa biyu ba su dawo ba har suka rasu, kuma na ji zafin haka, don sun ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Sauran suka dawo, har da ƙari. Baba Salifu ya zama mai wa'azin inuwa, duk wanda ya je sayen nama sai ya ji labarin kafin a yanka masa. Masallatai biyu a unguwar Dabokpa da suka tashi gini suka aiko a kai musu zare. Yanzu kowannenku yana da waya mai nuna alƙibla, kuna juya ta kamar masu neman ruwa, ba ku san lissafin da ke cikinta malamai ne suka fara shi da tagulla da inuwa ba. Sukari kuwa ya dawo cikin kokona tun washegari.

Inna ta ƙara shekaru masu daɗi, ta ga aurenku na fari, ta yi wa jikoki tsawa son ranta. A cikin shekarun nan masu haƙa kabari, da yake yaran masallacinmu ne, su ma suka koma bin sabon layi, har ya zama in ka shiga maƙabarta za ka gane tsofaffin kaburbura da sababbi daga kwanciyarsu. Ta rasu da safe, ranar Alhamis, bayan ta sha ruwa ta ce a buɗe mata taga. Na bar mata suna shirya ta, na tafi maƙabarta. Na tarar matasa sun riga sun shata ƙasa a kan sabon layi, sun fara sara. Na ce su tsaya, na karɓi diga, na shata wani a kan layin tsofaffin, na karkata shi dama. Suka dubi juna. Babbansu, jikan Baba Salifu, ya matso kusa don kar a ji.

"Liman, wannan tsohon layi ne fa. Kai da kanka?"

"Ni da kaina. Ku haƙa."

Na san za a yi magana, an kuma yi, wasu har yau suna yi. Ban kula ba, don ilmin da ya sa na juya masallaci shi ne ya gaya mini wannan kwanciyar ta halatta, sauran kuma tsakanina ne da uwata. Da aka kawo ta ni na shiga ramin. Na karɓe ta, ba ta da nauyi ko kaɗan, na kwantar da ita a gefen dama, na sa hannu na juya fuskarta inda fuskar Malam Haruna take kallo. Na sunkuya daidai kunnenta na ce, Inna, na cika.